Ragon Sunan Bishiya

Ina tsakiyar kitso a shagon da nake aiki a Gate City Boulevard babbar 'yata ta kira ta ce sun gano bishiyar. Na maƙale waya a kafaɗa, hannuwana biyu cikin kan wata baiwar Allah, ita kuma can tana ta zuba Turanci cikin murna, wai an tabbatar, sabuwa ce fil, babu ita a littafin kowa. Ni dai kalma ɗaya na tsinta a duk zancen: an gano. Na ce alhamdu lillahi, to yaushe za ki dawo gida? Layin ya katse kafin ta ba ni amsa, don inda take sai an hau wani tudu ake samun sabis. Mai kan ta ce na ja mata gashi, na ba ta haƙuri.

'Yar fari ce, don haka ba za ku ji sunanta a bakina ba, ko da a rubuce ne. A nan Greensboro ta ƙasar Amurka aka haife ta, yanzu ta ba talatin baya. Tun tana ƙarama Allah ya ba ta kai, mu kuma muka yi abin da kowane iyaye a cikinmu suke yi, muka yanke mata aikin likita tun ba ta iya ɗaura ɗankwali ba. Ta shiga jami'ar da ke bayan unguwarmu ta Glenwood, da ƙafa take zuwa ta dawo, na ce madalla, ga ta a gaban idona. Ashe karatun ciyayi take yi. Ta yi digiri na ɗaya a kan ganye, ta yi na biyu a kan ganye, ta ƙara na uku, daga nan ta saɓi jaka ta nufi Kudancin Amurka. Can akwai wani daji a kan tsauni inda gajimare ke saukowa ya kwanta a tsakanin itatuwa, komai a jiƙe dare da rana, wanki ba ya bushewa. Abin da ya kai ta kuwa neman wani irin icce ne da ake kira magnoliya.

Abin haushin, magnoliya ga ta nan a ƙofar gidanmu. Wata ƙatuwa ce tun kafin mu kama hayar gidan, ganyenta mai kauri kamar tafin takalmi, ba ya ruɓewa, kullum cikin zuba yake. Ba ta 'ya'yan da za a ci, ba a miya da ita. Da bazara takan yi wani farin fure babba, Turawan unguwa su tsaya da kekunansu suna shinshinawa suna lumshe ido, Alhaji maigidana kuma yana gefe da tsintsiya yana tsaki. Sau nawa ya roƙi mai gidan ya sare ta, mutumin ya dube shi kamar ya ce a yanka masa uwa. To irin wannan ce 'yarmu ta tsallake teku take nema. Na ce mata ga ta kyauta a bakin ƙofa, ki bincike ta iya son ranki, in kin gaji ki shigo ki ci tuwo. Ta yi dariya ta ce ai danginsu yawa gare su, waccan daban ce.

Ni abin da nake so ban taɓa ɓoye shi ba: ina son 'yata kusa da ni. Ƙannenta maza biyu sun yi aure, kowa ya bi aikinsa zuwa wata jiha, sai a waya. Gwiwoyina sun fara ba ni labari, Alhaji ga ciwon suga. Ban ce sai ta zauna a ɗakina ba. Ta kama gidanta ko ina ne a garin nan, in na yi ɗanwake in zuba a kula in hau bas in kai mata, in na kwana biyu ban ji daɗi ba ta leƙo. Shi ke nan burina. Kuma a hankalina abin a fili yake. A garinmu in akuya ta ɓata akan fita nema, in an gan ta kowa ya koma gida. Ban taɓa jin wanda ya ga akuyarsa sannan ya shimfiɗa tabarma a dajin ba. Tunda an gano, nema ya ƙare.

Shi Alhaji, shekara da shekaru in an tambaye shi aikin da 'yarsa take yi, sai ya ce tana harkar bincike, ya yi sauri ya ciro waya kamar ana kiransa. Amma da yarinyar ta sake kira ta yi mana bayani cewa wanda ya gano sabon icce shi ke raɗa masa suna, kuma sunan nan ya zauna ke nan a duk duniya har abada, sai na ga mutumina ya gyara zama. Ya tambaya ko akan sa sunan mutum. Ta ce ƙwarai, akan yi wa mutum takwara, a ƙara wa sunansa 'yar jela ta harshen Latin. Bai bari ta ƙarasa ba. Ya ajiye waya ya ce da ni maganar ta fito: a al'adarmu uba ke da suna, yarinya mai tarbiyya kuma in ta samu na farko mahaifinta take yi wa takwara. Sannan duk inda aka raɗa suna, ana yanka rago. Na ce Alhaji, icce ne fa. Ya ce icce ba halittar Allah ba ne? Daren nan har na yi barci ina jin shi yana gwada sunansa da jela iri-iri, yana zaɓar wadda ta fi daɗin faɗa.

Na so in hana, don na san za a yi da mu. Sai na yi wani tunani: in an sa ranar suna, dole mai jego ta zo. Nan take na zama ta gaba a shirin.

Bayan sallar Juma'a Alhaji ya tare malaminmu, wani dattijo mutumin Nijar, mai haƙuri da jama'a. Malam ya saurara har ƙarshe, ya shafa gemu, ya ce bon, wato 'to' ɗinsa na Faransanci, shi dai a duk littattafan da ya karanta bai ga inda aka yi wa bishiya ragon suna ba. Amma yanka don godiya ga Allah a ciyar da mutane, wannan babu mai hanawa. Sannan ya tambaya ko ragon babba ne. Alhaji ya ce babba ne. Malam ya ce to Allah ya sa albarka, a sanar da shi rana.

Kafin mako ya zagayo mata sun fara zuwa barka. Wallahi barka sosai, da sallama da zama a falo da tambayar lafiyar mai jego. Wata har ta karɓi wayata ta ƙura wa hoton iccen ido ta ce tubarkalla, tsayin Alhaji ya ɗauko. Na san tsiya suke min, na kuma ba su lemo.

Wadda ta fi damuna ita ce aminiyata Hajiya, 'yar zangon Kumasi, wadda tun da ɗanta ya sayi gida a Sedgefield kusa da filin da masu kuɗi ke buga ƙaramar ƙwallo da sanda take magana kamar ita ta shuka ciyawar filin. Ta zauna ta cire mayafi ta fara yi mini tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ana cin 'ya'yansa? Na ce a'a. Ana miya da ganyen? A'a. Maganin me yake yi? Na ce ba a sani ba tukuna. Inuwa fa? Na ce dajin duk inuwa ne, rana ma ba ta cika leƙawa ba. Ta ce to an gano shi a yi me da shi? Ni ma tambayar da ke cina ke nan.

Ba ta ƙyale ni ba. Ta ce da can ɓata ya yi? Icce mai wannan tsayi, mutanen wurin makafi ne? Wannan kam na riga na tambayi yarinyar, na kuma san amsar ba za ta taimake ni ba. Mutanen ƙauyen sun san shi tun kakanninsu, suna da sunan da suke kiransa, har ƙofofi suke yi da katakonsa. Ganowa a wurin masu digiri ita ce a auna furen, a zana shi, a rubuta, a buga. Hajiya ta tafa hannu ta ce ashe ita ma in ta je gida za ta gano tsamiyar ƙofar gidan kakanta, Alhaji ya tanadi rago na biyu.

Duk da haka da ta tashi tafiya sai ta ja ni gefe. Ta ce iccen da ya shekara ɗari cikin raɓa da sanyi bai rusuna ba, dole ɓawonsa ya yi maganin sanyin ƙashi, in faɗa wa yarinya ta ɓantaro mata ko kaɗan ne. Daga ita sai magana ta bazu. Wannan na son sassaƙe don hawan jini, waccan na son saiwa don basir ɗin mijinta, wani direban babbar mota ya aiko a tambaya ko yana ƙara kuzari. Mutanen da suka gama yi mini dariya su ne suka yi layi. Kowa na ce masa in sha Allahu, ban kuma faɗa wa yarinyar ko ɗaya ba.

Muka fitar da anko, atamfa kore mai zanen ganye. Alhaji ya tafi gonar wani Bature a bayan gari inda muke sayen ragon layya. Mutumin ya saba da mu har ya san in ba lokacin Sallah ba ne to haihuwa aka yi, ya tambaya namiji ne ko mace. Alhaji ya ce bishiya ce. Baturen ya ɗan tsaya, ya ce to yana taya murna, ya buɗe masa garke. Ni kuma na share ɗakin yarinyar, na sauya labule, na kwashe buhunan shinkafar da na jibge a ciki. Akwai wata da nake yi wa kitso tana aiki a lambun jami'a, na fara yi mata ragi ba ta san dalili ba, ina bugun cikinta ko suna neman mai digiri uku da ta san ganye.

Na matsa wa yarinyar a waya ta zo ta gan mu, ban faɗa mata dalili ba, har ta yarda. Muka je filin jirgi muka ɗauko ta. Ta rame, ta yi duhu, hannuwanta duk tabon cizon ƙwari, ƙafarta cikin wani takalmi irin na masu aikin gini. Na rungume ta na ji ƙashi, raina ya ɓaci, na fara faɗa tun a wurin ajiye motoci. Jaka ɗaya ce a bayanta, 'yar ƙarama. Na gani sarai. Na ce wa kaina sauran kayan suna tafe a jirgin ruwa.

A mota Alhaji ya ba ta labarin rago. Ta zaci wasa ne, har sai da ta ga tukwane a bayan gida da kujerun haya. Ta dafe kai tana dariya tana cewa Baba, Baba, da Turanci tana tambayar ko mun san abin da muke yi. Ya ce mata ta bar wa manya abin da suka sani. Bai tambaye ta sunan ba, wai ba a jin suna kafin ranar suna. Ita kuma ta buɗe baki za ta yi magana, na taka mata ƙafa, don ba na son abin da zai ɓata taron kafin a ci nama.

Ranar Asabar da hantsi gida ya cika. 'Yan Najeriya, 'yan Gana, 'yan Nijar, har ɗaliban da ke haya a maƙwabta sun biyo ƙamshi sun shigo da gajerun wandunansu, aka ba su kujera. Maza suka zauna a ƙarƙashin magnoliyar ƙofar gida, ganye na faɗo musu a faranti. Masu jiran sassaƙe suka kewaye yarinyar, ta ce musu ko ƙanƙanin ɓawo ba ta taɓa ba, ba a yarda a ji wa iccen ciwo. Hoto kawai ta kawo. Furen fari ne mai ɗan ruwan madara, bai kai tafin hannu ba, wai damina biyu suna jiran ya buɗe, kuma sai da wani ya hau can ƙololuwa da igiya ya tsinko shi. Hajiya ta duba hoton, ta dubi furen da ke saman kanmu wanda ya ninka shi girma, ta dube ni. Na kau da kai.

Aka yi shiru, Malam ya buɗe da addu'a. Ya ce tunda an taru, a faɗi sunan jama'a su shaida. Yarinyar ta miƙa masa waya. Ya gyara tabarau, ya matso da ita, ya nesanta ta, ya kama kalmar farko lafiya, ta biyu kuwa ta ƙi shi. Tsawonta kamar sunan maganin asibiti. Ya gwada da lafazin Larabci, ya gwada da na Faransanci, daga ƙarshe ya ce mai abu ta faɗa da bakinta. Ta faɗa. Alhaji yana tsaye cikin babbar riga mai aiki, ya karkata kunne, ya ce ta maimaita. Ta maimaita a hankali. Babu sunansa a ciki, ko harafin farko. Ta ce sunan wani rafi ne da ke gangarowa daga tsaunin, mutanen ƙauyen ne suka roƙa a sa, don a san inda iccen yake. Alhaji ya gyara babbar rigarsa. Ya ce to, rafi ma ai abin arziki ne, Allah ya raya. Aka shafa fatiha, ya ce bari ya je ya duba masu suya, ya daɗe bai dawo ba.

Na ji tausayinsa, amma ban damu can ba. Shi suna yake nema, ni mutum nake nema, kuma tawa tana zaune a gabana tana cin waina.

Hajiya ce ta yi tambayar a madadina, don mun shirya da ita tun da safe. Ta ɗaga murya yadda kowa zai ji, ta ce to 'yata, an nema an samu, an yi suna, yanzu sai zama kusa da Mama ko? Yarinyar ta ajiye faranti. Da Turanci take amsa mana magana tun tana makarantar firamare, amma ran nan sai ta kama Hausa, irin tata mai tuntuɓe, a nan na san ba lafiya ba. Ta ce itatuwan da suka rage ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ana sare dajin daga ƙasa ana mai da shi makiyayar shanu, kowace shekara saran na ƙara hawa tsaunin. Irin kuma da wuya yake tsirowa, ƙwari da ɓeraye na cinye shi kafin ya taɓa ƙasa. An ba ta aikin tattara irin da renon dashe a can, ta kuma karɓa. Mako mai zuwa za ta koma.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na manta da baƙi, na manta da kunyar 'yar fari. Na ce mata an gano icce don a huta ne ko don a tare a gindinsa? Na ce uwarki tana raye, ubanki yana raye, kin bar mu da tsintsiya da kwalaben magani za ki je renon abin da ko sannu ba zai ce miki ba. Na ce shanun ma ai abinci suke nema, su aƙalla ana shan nononsu. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Tsoro ne ya cika ni, ya fito a faɗa.

Ta taso ta durƙusa a gabana, ta kama hannuna.

"Mama, shekara biyu ce kawai. Da na gama zan dawo."

Tsakar gidan nan ta yi tsit. Ɗaliban ne kaɗai suka ci gaba da tauna, don ba su ji me aka ce ba. Na ɗaga kai na ga dattawa kowa ya sunkuyar da nasa kan faranti. Sai Hajiya ta fashe da dariya, irin wadda ba ta da daɗin ji, har tana share ido da gefen mayafi. Ta ce ita wata shida ta zo yi, wankan jegon surukarta, ga jaririn can shi ya tuƙo ta yau. Malam ya ce bon, shi ma shekara biyu ya ce wa mutanen garinsu, ya ɗan koyi Turanci ya koma. Wani ya ce shi har yau akwatinsa na saman kabad bai gama kwashewa ba. Alhaji yana tsaye daga bakin ƙofa da tire a hannu, shi da ya zo da niyyar ƙaro karatu ya koma ma'aikatarsu, sai ya juya ya koma wajen masu suya.

Ni ma haka na faɗa wa Innarmu lokacin da zan taho, a zauren gidanmu a Zariya, ina durƙushe kamar yadda take durƙushe, da kalmomin nan ba ragi ba ƙari. Kuma ba ƙarya nake yi ba, har zuciyata na yarda da abin da na faɗa. Innarmu ba ta yi mini faɗa ba. Ta dube ni kawai, ta tashi ta shiga madafa ta kama yi mini dambun nama na guzuri. Ban sake ganinta ba, a waya aka faɗa mini rasuwarta.

Ga sauran faɗa cike da bakina, na rasa inda zan ajiye shi. Na zare hannuna na shiga kicin. Akwai cinyar rago guda da na ɓoye a firji, da niyyar mu riƙa ci da ita a hankali in baƙi sun watse. Na ciro ta na yanyanka na ɗora a wuta da albasa da citta. Ina jin mutane suna sallama ɗaya bayan ɗaya, ban fita ba. Da naman ya yi laushi na jawo turmi.

Ta shigo ta tsaya a bayana, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, a hankali, ba za su bar ta ta shiga da nama ba, a filin jirgi za su karɓe.

"Na sani," na ce. "Nawa ma karɓewa suka yi. Miƙo mini taɓarya."